Alif Ɗaya Da Gidajen Gindin Dutse

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, har sunayen wasu jikokina sai na yi lalube kafin in kama, amma akwai wata Juma'a da ba zan taɓa mantawa da ita ba. Na yi ƙoƙarin mantawar, ta ƙi. Shi ya sa in samarin yanzu suka zo gaishe ni suna cewa wai ni na fara aikin jarida a Damagaram, nakan yi sauri in tambaye su lafiyar iyayensu don a bar maganar. Yau dai na ga gara in faɗa da bakina, kafin wani ya faɗa ya ƙara gishiri.

Lokacin ban wuce shekara ashirin da biyu ba, Nasara ma ba su fi haka da zama a ƙasar ba sosai. Ina aikin komi a biro, ofishin kumandan, wato ni ke kwafar takardu. Ina da farin wando, da riga mai maɓallai har wuya, da takalmi sau-ciki da ke cizona amma ba na cirewa. A hanya ana ce mini Mushe, yadda ake kiran Nasara da Faransanci, ni kuma ina amsawa da ka kamar mai ciwon wuya. (Gaskiyar magana, aikin nawa bai wuce zama a ɗakin baya tsakanin randa da tarin takardu ba, kuma kumandan bai taɓa riƙe sunana daidai ba.)

A ɗakin bayan nan na kamu da ciwon jarida. Jaridun kumandan sukan iso daga bakin teku bayan wata biyu ko uku, a ɗaure da igiya, suna warin raƙumi. In ya gama da su sai a jibge mini don naɗe kaya. Da rana ta take, Nasara sun tafi barcinsu, biro ya yi tsit sai kukan kurciya, sai in baje su a ƙasa in yi ta karatu. Labarin jiragen ruwa, da farashin gyaɗa a garuruwan da ban sani ba, da wani mutum da ya rubuta cewa ruwan unguwarsu ya lalace har aka zo aka gyara. Wannan na ƙarshen shi ya hana ni sakat. Ashe mutum zai zauna a ɗaki ya rubuta magana, maganar ta fita da ƙafarta ta shiga gida-gida ta gyara abu? Sai in jingina da bango in lumshe ido, in ga Damagaram gaba ɗaya tana karatu, mahauta a rumfa, 'yan ga-ruwa a bakin rijiya, mata a tsakar gida da takarda a hannu ɗaya muciya a ɗayan. A mafarkin nan kowa yana gyaɗa kai, kuma can ƙasan takardar akwai sunana.

Unguwar da na fi gani in na lumshe ido ita ce Gindin Dutse, inda aka haife ni. Tana wajen ganuwar Birni, a maƙale tsakanin manyan duwatsun da ke hanyar Zongo. Mazaunanta 'yan ga-ruwa ne, da majema, da masu saƙar tabarma, da bayin da suka sami kansu amma ba su da garin komawa. Ba su da mai unguwa. Mai shela ma in ya zo ƙofar Birni yakan juya, don a ganinsa babu wanda ya isa a yi wa shela a bayan duwatsu. Labari kan iske su ne bayan ya riga ya faru.

A can Ya Falmata take, Babarbariya, iyayenta daga Borno suka zo. Ita ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyata, ita ta kai ni makarantar allo, ita kuma ta bi sojan da ya kama ni zuwa lakwal, makarantar Nasara, tana zaginsa da Barbarci har ƙofar aji. Gidanta ɗaki biyu ne na ƙasa, jingine da dutse, da kurna ɗaya a tsakar gida. Ita da marigayi mijinta suka kwaɓa ƙasarsa da ƙafafunsu, kuma ba ta da komai a duniya sai shi. Ni kuwa tun da na fara sa takalmi na rage zuwa. Har yau ina jin kunyar faɗar haka.

Wata safiya a ƙarshen damina aka ba ni sanarwa in kwafa. Za a fitar da miƙaƙƙiyar hanya daga Birni zuwa Zongo, a rushe Gindin Dutse, a yanka sababbin filaye layi-layi a can gaba da kasuwa. Duk maigidan da ya zo biro da kansa ya faɗi sunansa, ya dangwala yatsa a babban littafi kafin Litinin ta ƙarshen wata ta wuce, za a ba shi fili. Wanda bai zo ba, ya rasa gida ya rasa fili. Na kwafa da Faransanci aka manna a ƙofar biro, inda ba wani mutumin Gindin Dutse da ya taɓa takawa, balle ya karanta.

Mai hankali, in ya tashi aiki, sai ya taka zuwa unguwar, tafiyar da ba ta kai dahuwar shayi ba, ya tara mutane ya faɗa musu. Ni kuwa murna ce ta kama ni (Allah ya yafe mini). Ga labari, ga masu bukatarsa, ga ni. Jarida ta samu.

Akwai wani faranti a biro cike da wani abu mai kama da daskararren romon ƙafar sa. Ka yi rubutu da tawada shunayya, ka kifa takardar a kansa ya sha rubutun, sannan ka yi ta ɗora fararen takardu kana ɗagawa, kowace ta fito da shi. Ta farko takan fito rangaɗau, ta arba'in kuwa sai ka kai ta hasken rana ka ƙanƙance ido. Da shi na yi aikina, lokacin barcin Nasara, kwana uku a jere. Na zaɓi ajami don na san ba mai boko a unguwar. Abin da ban tsaya na tuna ba, an cire ni daga makarantar allo ban kai ko'ina ba, ajamin nawa ɗanye ne shataf. Na fara da Bismillah a sama kamar yadda ake fara kowace takarda. A ƙarƙashi na zana kan labari da manyan baƙaƙe, ina bi ina maimaitawa da alƙalami don ya yi kauri: Tsarin Gida, ina nufin yadda za a tsara gidaje a jera su. Sauran bayani, da ranar, da maganar yatsa, duk na cusa su can ƙasa da ƙananan baƙaƙe, saboda na riga na cinye rabin takardar wajen gabatar da jaridar da manufofinta. (Na sa mata suna ma, mai girma ƙwarai. Ko ɗaure ni aka yi ba zan faɗe shi ba.)

Na kai wa Ya Falmata damin takardun da safe kafin in wuce aiki. Na same ta tana shara.

"Wushe, wushe, Mushe. Yau ka tuna hanya?"

"Ya, aiki ne ya yi yawa. Ga wannan ki raba, kowane gida ɗaya. A kai wa Malam Mamadu ya karanta muku."

Malam Mamadu tsoho ne da ya yi wa fatake rubutu a hanyar Kano shekara da shekaru, shi kaɗai ne mai karatu a unguwar. Ya Falmata ta goge hannu a zane, ta karɓi takardun da hannu biyu. Ta ga Bismillah a sama, wadda kowa ya san kamanninta ko bai iya karatu ba, sai ta kai su goshi.

"Na mene ne, ɗan nan?"

A nan ne ya kamata in cire takalmi in zauna a tabarma in yi mata bayani. Amma ni a tunanina jarida ita ke magana da kanta, kuma ina so tawa ta yi maganarta ba da taimakona ba. Sai na ɗaga haɓa na ce, "Maganar gida ce, Ya. Duk wanda ya riƙe abin da ke cikin nan, gidansa ba zai salwanta ba."

Ta dube ni, idonta ya kawo ruwa. "Ashe lakwal ɗin ba ta cinye maka karatu ba. Allah ya yi maka albarka."

Na tafi ina jin kamar ba ƙasa nake takawa ba.

Ba a yi kwana uku ba aka fara sallama da ni a ɗakina. Wata mata ta ce an raba ba ta samu ba. Wani majemi ya ce shi biyu yake so, don gidansa ƙofa biyu ne. Na ce a raina, ka ji mai son ilimi. Ranar Alhamis a kasuwa wani mutum ya tare ni, ya ce daga Gidimuni yake, can bakin tafki, an ba shi labarin takardata, in taimaka masa da uku, ɗaya tasa biyu na ƙannensa. Ban tambayi kaina me ya haɗa manomin Gidimuni da hanyar da za a fitar a Damagaram ba. Abin da na ji kawai, sunana ya kai tafki. Wata kuma ta matso ta rage murya ta ce, "Mushe, ba ka yin ta masu ciki?" Na fito da ɗan littafin da nake rubuce-rubuce a ciki, na rubuta da Faransanci cewa masu karatu suna son shafin lafiya.

Da la'asar nakan hau dutsen da ke bayan biro in zauna. Rana tana gangarawa, ganuwar Birni ta yi ja, hayaƙin girki ya tashi daga tsakanin duwatsu ya kwanta a kan unguwar, shanu suna dawowa a hankali. Daga can nakan hango mutane ƙanana-ƙanana a ƙofar gidajensu, wani yana miƙa hannu sama yana gyara wani abu, wasu sun tsaya suna kallo. Sai in ce muhawara suke a kan abin da na rubuta. In fara shirya fita ta biyu a kaina, a kan rijiyoyi, ta uku a kan aikin tilas, ta goma a kan me ya sa ba a yi wa talaka shela. In ga kaina da gini na kaina da faranti goma, in ga na tsufa da furfura, tsofaffin unguwa suna nuna ni ga jikokinsu. Sau da yawa sai kiran magariba ke sauko da ni, ƙafata ta yi sanyi saboda zama.

Nakan leƙa babban littafin nan kowace safiya. Ba suna ko ɗaya daga Gindin Dutse. Mako ɗaya, mako biyu, shafin fari tas. Amma mai mafarki ba ya rasa amsa. Na ce ai mutanenmu sai ranar ƙarshe, kuma za su zo ne gaba ɗaya, kowa da takardarsa a hannu, har kumandan ya leƙo ta taga ya tambaya wane ne ya yi wannan aiki.

To, akwai Malam Inuwa, Bakano ne mai fataucin fata a Zongo, kuma ina neman auren 'yarsa. Mutum ne mai karatu sosai, mai ƙarancin magana, wanda ya ɗauki 'yan lakwal a matsayin tulu mai kyan baki ba ruwa a ciki. Na je gaishe shi na kasa riƙe bakina. Na ce masa na wayar da unguwa guda da takarda ɗaya, har daga ƙauyuka ana nema. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Madalla. In an sauko Juma'a mu je in gani." Juma'ar nan saura kwana uku wa'adi ya cika.

Na sa farin wandona da aka yi wa guga da gawayi. Muka shiga unguwar ina gaba yana baya. Abu na farko da na lura, ba wanda ya ce mini Mushe. "Allah gafarta Malam," haka ake ta cewa, maza har da rusunawa. Na saci kallon Malam Inuwa in ga ko yana ji. Abu na biyu, a saman kowace ƙofa akwai wata 'yar jar fata sabuwa, ɗinkakkiya, tana reto a jikin tsirkiya. Na ɗauka wani sabon ado ne na majema. Ina ta duban bango ko zan ga an manna takardata, ban ga ko ɗaya ba.

Ya Falmata ta shimfiɗa mana tabarma a gindin kurna, ta kawo ruwa, ta gaida Malam Inuwa, sannan ta yi mini murmushi. Matan Barebari da ma suna rina haƙora da fure, amma fure ja yake yi. Abin da ke bakinta kuwa, daga haƙora har harshe, launin da ya ƙi fita daga yatsuna ne tun mako uku.

"Ya, me kika ci?"

"Ci? Sha dai. Ai biyu na ɗauka. Ɗaya na ba baduku ya ɗinke, ga ta can bisa ƙofa. Ɗayar nake yaga kaɗan-kaɗan ina jiƙawa ina sha da safe. Akwai ɗaci, amma ƙafar nan tawa ta yi sauƙi."

Malam Inuwa ya ajiye ƙwaryar ruwa a hankali ya ce, "Baiwar Allah, a sauko mini da ta bisa ƙofar in gani." Ta ce ai in aka buɗe ta karye. Ya ce ga mai ita a zaune, zai sake mata wata. Ya zaro wuƙar da yake duba fata da ita, ya farke ɗinkin, ya warware takardar a kan gwiwarsa. Kafin nan tsakar gidan ta cika, labari ya zaga cewa Malam mai takardar ya zo. Wata mata tana tsaye da kaza a hammata, sadaka ta kawo mini. Aka shigo da Malam Mamadu yana dogara sanda.

"Malam, kai ka karanta musu?" in ji Malam Inuwa.

"Ni ne. Idon ya tafi, ƙananan ba na ganinsu, sai wani hayaƙi-hayaƙi. Amma manyan na gani sarai. Bismillahi, tsarin gida. To me ya rage? Na ce kowa ya kai a ɗinke ya rataya."

Malam Inuwa ya juyo gare ni. "Kai me ka so ka rubuta?"

"Tsaari, Baba. Tsaarin gidaje, yadda za a jera su."

"To ina alif ɗin?"

A bokon yanzu duk iri ɗaya ake rubuta su, amma bakin Bahaushe ya san bambanci. Akwai wanda ake ja, na jera abu da shirya shi. Akwai gajeren, na kariya, wanda malamai ke rubutawa a ɗinke a fata. A ajami abin da ya raba su alif ne guda, ɗan tsinke a tsaye. Na leƙa takardar, na duba, na sake dubawa. Sau uku na bi baƙaƙen nan da alƙalami don su yi kauri, kuma duk sau ukun ban ga babu shi ba.

Da ƙasa za ta yarda da na shige. Wani a baya ya fara dariya ƙasa-ƙasa, kazar nan ta yi wani kuka kamar ita ma ta gane. Malam Inuwa kuwa bai yi dariya ba, ya yi abin da ya fi dariya ciwo. Ya kai takardar hasken rana ya fara karanta ƙananan baƙaƙen da ƙarfi, tun daga farko, da murya ɗaya kamar mai lissafa fatu. "Mu masu kunna fitila a cikin duhun jama'a," ya tsaya, "nan ma ba wasali," ya ci gaba. Haka ya bi rabin shafi na yabon kaina, yana karantawa yana gyara mini, mutane suna kallona suna ƙoƙarin gane wace addu'a ce wannan. Sannan ya iso ƙasa, inda maganar take. Hanya. Rushewa. Yatsa. Litinin.

Dariyar ta mutu.

Ya Falmata ce ta fara magana. "Ɗan nan, ban gane ba. Gidan nawa za a rushe?"

"Za a rushe, Ya."

"Yaushe ka sani?"

"Mako uku."

Ta dube ni da bakin nan nata shunayya. "Ka zo nan ka same ni ina shara, ka tsaya a kaina, ba ka faɗa mini ba."

Kunyar da na ji a gaban Malam Inuwa wasa ce a kan wannan. Waccan ta wando ce da takalmi, wannan kuwa har cikin ƙashi na ji ta, tare da tsoro, don na ga saura ƙiris in raba matar da ta goya ni da ɗan abin da ta mallaka, saboda ina son a ce na iya.

Na cire takalman, don ba a hawa dutse da su. Na hau wanda ke bayan ɗakinta na faɗi maganar da baki, da Hausar da aka raine ni da ita. Ba ta ɗauki lokacin alwala ba. Sai tambayoyi suka fara zuwa, waɗanda takardata ba ta taɓa tunaninsu ba. Matar da mijinta ya rasu, ita ma maigida ce? Gidan da 'yan'uwa biyu suka raba, yatsa ɗaya ko biyu? Wani kuturu ya ɗaga hannu ya ce shi fa da me zai dangwala? Wasu na amsa, wasu na ce sai na tambayo gobe. Malam Inuwa ya ce a bi gida-gida a ga ko akwai wanda ba ya nan. Aka bi. Kowa yana nan, sai gida ɗaya.

Tanko mai ga-ruwa ya tafi wani ƙauye bayan Takieta taya yayansa yankan hatsi. Kowace kaka yakan je, amma yakan bar matarsa da yara su tsare gida. Bana da ya rataya takardata a ƙofa, sai ya kwashe su duka, ya ja asabari ya tafi hankali kwance.

Tun asubar Asabar na sami wani mai jaki da zai yi yamma na ba shi saƙo. Ni kuma na tsaya a ƙofar biro, Asabar ɗin da kuma Litinin, ina shigar da mutane ɗaya bayan ɗaya ina fassara. Aka yarda da gwauraye mata. Kuturun nan aka shafa masa tawada a dungulmi. Ya Falmata ta dangwala nata ba ta kalle ni ba. Kumandan ya leƙo ta taga kuwa, kamar yadda na yi mafarki, sai dai abin da ya tambaya shi ne wa ya kawo masa wannan hayaniyar. Ina aiki ina duban hanyar yamma har aka rufe littafi.

Tanko ya iso ranar Laraba, ƙafafunsa sun kumbura. Na shiga na roƙa da duk Faransancin da na sani, aka ce littafi ya rufu. Na fito na faɗa masa. Na so ya zage ni, ko ya ɗaga sandan ga-ruwansa, da na ji sauƙi. Bai yi ba. Ya zauna a ƙasa ya ce, "Allah ya ƙaddara, Mushe. Ni dai da ban rataya ba, da na bar uwar yara a gida kamar kullum, da ta turo mini tun da wuri."

Da aka raba filaye, Ya Falmata ta ja layi da ƙafarta a kusurwar nata ta ce Tanko ya gina a nan. Sannan ta aiko a kira ni, karo na farko da ta yi mini magana tun Juma'ar nan. Ta nuna mini tarin jar ƙasa da tulun ruwa. "Naɗe wandon," ta ce. Na yi wata biyu ina zuwa duk Lahadi ina kwaɓa ƙasa da ƙafa, Tanko yana ɗora tubali, masu wucewa suna ce mini "Allah gafarta Malam, sannu da aiki," wasu da gaske, yawanci da tsiya. Ranar da aka yi rufi ne ta zuba mini tuwo a akushin da nake ci ina yaro, ta ce ƙafarta dai ta yi sauƙi, ko na yarda ko ban yarda ba. Malam Inuwa ya ja mini rai shekara guda kafin ya ba ni 'yarsa, kuma har ya bar duniya Malam Ba-Alif yake kirana, ko a gaban 'ya'yana.

Na yi shekaru masu yawa bayan nan ina rubuta labarai, da ajami da boko, har na kai ga injin buga jarida na gaske. Amma ban sake sakin takarda ba sai na je wurin wanda na rubuta dominsa, na zauna a tabarmarsa, na karanta masa, na ce ya maimaita mini abin da ya ji. In ya faɗi wani abu daban, ni ne ban iya ba, sai in koma in sake. Kuma in za a yi mini adalci, a duk ayyukan da na yi wa mutanen Gindin Dutse a shekarar nan, ɗakin Tanko ne kaɗai kowa ya gane amfaninsa ba sai an yi masa bayani ba.